Gundumomin Addinin Yahudawa a Aljeriya: Tsarin da Ya Tsaya a Bakin Hamada

Matafiyin da ya taso daga Agadas ya nufi Tamanrasset, har ya yada zango a ƙauyen Outoul, yana taka ƙasar da sojojin Faransa suka mulka da doka ta dabam da ta arewacin Aljeriya. Duwatsun Ahaggar sun faɗa hannun Faransa bayan yaƙin Tit na 1902, a shekarar da aka ware kudu aka damƙa wa hafsoshin soja. Wannan rabuwa ta shafi har Yahudawan ƙasar.

A 1808 Napoleon ya karkasa Yahudawan Faransa gunduma-gunduma, kowace da majalisarta ta babban malami da dattawan gari, duka a ƙarƙashin babbar majalisa a Paris. Aikinsu kula da wuraren ibada da tabbatar da biyayya ga hukuma. A Aljeriya kuwa, a da mukaddam ne ke riƙe da al'ummar Yahudawan kowane gari, malamai na yanke shari'a. A 1845 Sarki Louis-Philippe ya kafa majalisu uku, a Aljiyas da Oran da Kostantin, aka riƙa turo manyan malamai daga Faransa. Yahudawan ƙasar da dama ba su ji daɗin baƙin ba, don sun taɓa musu al'adun kaka da kakanni.

Dokar Crémieux ta 1870 ta mai da Yahudawan arewa 'yan ƙasar Faransa. Na kwarin Mzab da ke kudu, wanda Faransa ta haɗe a 1882, aka bar su a matsayin talakawan mulkin mallaka, aure da gado bisa shari'arsu ta gargajiya.

Alhali zaman Yahudawa a hamada ya daɗe. A Tamantit ta yankin Tuwat suna cikin fataucin zinariya, har wajen 1492, lokacin da Shehu Magili ya sa aka rushe wurin ibadarsu. Shi ne malamin da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Yahudawan Gardaya ta kwarin Mzab ba su sami takardar zama 'yan Faransa ba sai 1961. Shekara guda bayan haka Aljeriya ta sami 'yanci, kusan dukkansu suka bi 'yan'uwansu na arewa suka bar ƙasar. Shekara saba'in da tara, tun daga 1882, layin da baƙo ya ja a taswira ya raba mabiya addini ɗaya gida biyu, bai kau ba sai ana shirin ɗaure kaya.