Gurbin Ajiye Lokaci a Cikin Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san Litinin ko Talata ba, ƙirge kawai ta iya. Tsarin Unix, da irin su Linux da suka bi sawunsa, suna lissafin lokaci ne ta ƙirga daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu, 1970. Wannan adadi dole a ajiye shi a wani gurbi, mai rubuta manhaja kuma shi ke zaɓar girman gurbin.

Ana auna girman da bit, wato ƙwayar da ke ɗaukar sifili ko ɗaya. An daɗe ana amfani da gurbi mai bit 32, ana keɓe guda don nuna lambar da ta gaza sifili. Iyakar abin da yake ɗauka shi ne 2,147,483,647. Ƙirgen zai kai nan da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, ranar 19 ga Janairu, 2038. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, agogon na'urar zai koma Disambar 1901.

Kada a ce 2038 da sauran nisa. Idan ana ƙirga lokaci da ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, gurbin yakan cika cikin makonni. Shi ya sa a da Windows 95 kan sandare idan kwamfuta ta yi kwana 49.7 a kunne. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa Boeing 787 na iya rasa wutar janaretocinsa idan aka bar shi kwana 248 ba a kashe ba, saboda cikar wani ƙirge.

Abin da ya fi damuna shi ne yankewa. Sai lokaci ya taso daidai a gurbi mai bit 64, a hanya wani ya juye shi cikin mai 32. Mudu idan ya cika ana ganin hatsi na zuba. Kwamfuta kuwa sau da yawa takan yar da rabin sama na lambar ba tare da ko gargaɗi ba, ta ci gaba da aiki da ranar ƙarya. Gwaji ma ba ya kamawa, tunda adadin yau ya shiga ƙaramin gurbin lafiya.

Bit 64 na ɗaukar daƙiƙoƙin shekara biliyan 292. Shi ya kamata a zaɓa, a kuma tabbatar bai ragu ba ko'ina: cikin manhaja, cikin fayil, da rumbun bayanai.