Ibrahim Sheme: Marubucin Da Sunan Garinmu Ya Haɗa Ni Da Shi

'Yan'uwana ɗalibai, ni mutumin Karaye ne, mahaifiyata kuma 'yar Rogo. Duk wanda na gaya wa haka a makarantar nan, abu biyu yake kawo mini: ko dam ɗin Challawa, ko rigimar masarautu, wato yadda aka ɗaga Karaye a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma dawo da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Karaye da Rogo. Ba wanda ya taɓa ce mini, "Af, garin da ake gasar marubuta da sunansa?" Ni ma kaina ban san da wannan ba sai bara, lokacin da nake laluben abin da zan rubuta kundin kammala karatu a kai.

Ina cikin bincike na ci karo da Gasar Injiniya Mohammed Bashir Karaye ta rubutun Hausa. Matar marigayin, Hajiya Bilkisu Bashir, ita ta kafa ta don tunawa da mijinta, reshen Abuja na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya ya riƙa gudanar da ita. A karon farko, shekarar 2007, littafin da ya zo na ɗaya shi ne 'Yartsana na Ibrahim Sheme. A 2009 kuma wasan kwaikwayon Ado Ahmad Gidan Dabino, Malam Zalimu, ya ci. Wallahi kunya ta kama ni. Ina karanta aikin jarida, ina haddace sunayen Turawa don jarrabawa, ga ɗan jarida Bahaushe ya ci kyauta mai sunan garinmu amma ko sunansa ban riƙe ba. Daga nan na bi sawunsa, abin da na samo shi nake so in raba da ku.

Ibrahim Sheme mutumin ƙaramar hukumar Faskari ne a jihar Katsina, kuma Sheme sunan garinsu ne, kamar yadda muka saba liƙa wa mutum sunan mahaifarsa. Ya karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Wales da ke Cardiff a Birtaniya. Ya fara aiki a Kaduna da jaridar The Reporter ta marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa, wadda take da ƙanwa ta Hausa mai suna Nasiha. Daga baya ya riƙe shafin adabi na New Nigerian, ya yi editan Leadership da Blueprint a Abuja, sannan ya zama daraktan yaɗa labarai na jami'ar karatu daga gida, wato NOUN. Wannan jerin muƙamai ne kawai, irin wanda ake karantowa a wajen taro kafin a ba mutum lasifika. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya yi da shafukan da aka damƙa masa.

Bari in ɗan koma baya don ku gane. A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labaran Hausa. Matasa a Kano, mata da maza, suka ce to mu buga da kanmu. Suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, ana sayarwa a kasuwa da tasha da bakin makarantu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, littattafai suka yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Mutane suka sa musu suna littattafan soyayya. Matan aure da 'yanmata suka rungume su, iyaye da malamai da dama kuma suka ɗaure fuska, suna cewa ana koya wa yara rashin kunya da bijire wa zaɓin iyaye.

A nan ne aka yi doguwar muhawara, da farko a Nasiha a farkon shekarun 1990, daga baya a shafin adabin New Nigerian da Sheme yake kula da shi. Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onitsha waɗanda suka yi tashe suka ɓace. A ganinsa ba su da nauyin da za su daɗe. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, suna cewa waɗannan littattafai sun sa dubban mutane karatu da harshensu, kuma suna magana a kan abin da ke faruwa a cikin gidaje: auren dole, kishi, saki, karatun 'ya mace. Marubutan su ma ba su yi shiru ba, sun mayar da martani. Sheme shi ne mai riƙe da ƙofa, ya bar kowa ya shigo ya faɗi tasa, shi ma yana jefa baki. Mako bayan mako ana gwabzawa, har masu nazari a ƙasashen waje suka riƙa kafa hujja da waɗannan shafuka.

Wannan shi ne aikin da ake kira sharhin al'adu, kuma yana da kyau mu bambanta shi da zagi. Mai sharhi yakan ɗauki abin da jama'a ke kallo ko saurare ko karantawa, fim ne, waƙa ce, littafi ne, ya tambaya: wa ya yi shi, don wa, me yake faɗa game da mu, kuma an yi shi da kyau ko an yi ha'inci? Ba sai ya so abin ba. Amma dole ya karanta kafin ya yanke hukunci. Yawancin abin da muke yi a Facebook in sabon fim ya fito ba sharhi ba ne, tsinuwa ce ko kirari, kuma rabinmu ba mu ma kalli fim ɗin ba.

Ni wannan muhawara ba a takarda na fara saninta ba, a tsakar gidanmu na gan ta. Yayata tana da wani akwatin ƙarfe cike da irin waɗannan littattafai, tana karɓo haya, tana musanya da ƙawayenta. Wata rana kawunmu ya zo ya tarar tana karatu tuwo yana ƙonewa. Bai ce komai ba sai da ya tattara su duka ya zuba a murhu. Ina ƙarami lokacin, abin da na riƙe shi ne ta ce, "Kawu, uku daga ciki na haya ne," ya ce, "Sai ki biya da kuɗin kitsonki." Kawu ba mugu ba ne, shi ya biya mini kuɗin rajista a shekarata ta farko a nan. Tsoro ne yake ji, irin tsoron da ya sa a 2007 aka ƙona littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yanmata a jihar nan. Sai dai ko ɗaya daga littattafan da ya ƙona bai taɓa buɗewa ba. Ba a yi shekara biyu ba aka aurar da Yaya a Rogo, karatun boko ya tsaya a aji uku na sakandare.

Shi ya sa da na samu 'Yartsana, wanda ya fito a 2003, na karanta shi da wani irin nauyi a ƙirji. Labarin yarinya ce da aka yi wa auren da ba ta so, ta gudu, ta faɗa bariki, rayuwa ta yi ta wurgi da ita daga wannan gari zuwa wancan. Sunan littafin ma ya isa bayani: abin wasan yara, a ɗauka a yi wasa, in an gaji a yar. Abin da ya burge ni shi ne marubucin bai tsaya nuna yarinyar da yatsa ba. Ya sa ka ga waɗanda suka tura ta, da mazan da ke zuwa wurinta da dare su wayi gari suna zagin irinta. Hannun ɗan jarida ya fito a ciki, ka ji mutum ne da ya san yadda mutanen bariki ke magana da yadda suke zaune. Wani wurin ma, a ganina, bayanin yakan yi yawa har labarin ya ɗan tsaya. Amma ban ajiye shi ba sai da na kai ƙarshe, ranar ko lakcar ƙarfe takwas ban samu ba.

Ba shi ne littafinsa na farko ba. Ya fitar da Kifin Rijiya tun 1991, yana kuma da na Turanci, The Malam's Potion. Mutum ne da zai iya zama a Turanci ya yi suna, amma ya riƙa dawowa Hausa. A nan yana tuna mini da Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja kuma ya yi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafuwarta a 1939: ƙafa ɗaya a ɗakin labarai, ɗaya a ƙagaggen labari.

Sai kuma mujallar Fim, wadda ya fara bugawa a watan Maris na 1999, lokacin da finafinan Hausa na kaset suke tasowa. Mutane da yawa sun ɗauke ta mujallar gulmar 'yan wasa, wa ya auri wa, wa ya saki wa. To akwai wannan, ba a musu, shi ke sayar da takarda. Amma duk mai son rubuta tarihin Kannywood yau, dole ya nemi tsofaffin kofenta: hirarraki da furodusoshi da mawaƙa, rigingimu da hukumar tace finafinai, mutuwar wane, karyewar kasuwar kaset da faifai. Abin da aka raina a matsayin gulma shi ya zama ma'ajiya. Ga masu karanta aikin jarida irina, wannan darasi ne da babu shi a handawut.

Haka ya yi da Mamman Shata. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Sheme da abokan aikinsa uku, Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah!, a 2006, ƙaton littafi mai ɗaruruwan shafuka. Ku tuna yadda mawaƙanmu da yawa suka tafi ba a bar komai a rubuce game da su ba sai abin da tsofaffi ke tunawa a majalisa, shi ma kowa da irin nasa.

Wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya yi mini dariya da ya ga abin da na zaɓa. Ya ce, "Malam, kai da kake neman aiki a Abuja, Hausa za ka tsaya yi wa kundi? Wa zai karanta?" Na ce masa ya duba Albaniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan uku ba, ba su ma kai mutanen birnin Kano ba. Marubucinsu Isma'il Kadare da harshensu ya yi rubutu har ya rasu a 2024, an fassara shi zuwa harsuna sama da 40, kuma shi ya fara cin babbar kyautar Man Booker ta ƙasa da ƙasa a 2005. Masu jin Hausa sun ninka masu jin harshensa sau da yawa. Abin da ya samu wanda namu ba su samu ba shi ne masu fassara da kamfanonin ɗab'i da suka tsaya masa. Mu kuwa ko a gida neman kofen 'Yartsana sai da ya ci mini mako uku, na ƙarshe a wurin wani mai tsofaffin littattafai na same shi, bangon ya yage. Abokin nawa ya ce duk da haka shi dai ba zai yi ba. Ban matsa masa ba.

Hutun da ya wuce na shiga mota na tafi Rogo da littafin a jaka. Na tarar Yaya tana tankaɗe, waya a gefenta ana karanto mata wani labari daga YouTube, don yanzu can da WhatsApp littattafan suka koma, ba murhun da zai ci su. Na miƙa mata. Ta juya shi, ta duba bayan, ta ce, "Ƙanina, wannan na haya ne ko naka ne?" Na ce nawa ne, amma ina bukatarsa kafin a koma makaranta. Yau wata biyu ke nan. Na kira ta shekaranjiya, ta ce ta gama tuni, yana hannun kishiyarta, bayanta kuma akwai mata biyu a layi. Babi na uku na kundina yana nan yana jira.