Za'atar: amfaninsa da matsalar sunansa a Hausa

Tsiron da Faransawa ke kira origan ba na dajinmu ba ne. Mazauninsa duwatsun ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, inda yake tsirowa da kansa. Danginsa ɗaya da na'ana'a da ɗoɗɗoya. A shekarar 1753 masanin tsirrai Linne ya raɗa wa irin da ya fi yaɗuwa suna Origanum vulgare.

A Siriya da Labanan da Falasɗinu, irin da ke akwai shi ne Origanum syriacum. Akan tsinko ganyen a shanya, a daka, a haɗa da riɗi da gishiri da garin summaƙ mai tsami. Sai a kwaɓa da man zaitun, a shafa bisa gurasa a gasa. Tsinkarsa ta yi yawa har hukumar Isra'ila ta hana ta a 1977, dokar da ta ƙuntata wa Falasɗinawa ƙwarai. A Maroko kuwa Origanum compactum ake jiƙawa a ruwan zafi, a sha saboda mura da tari da kumburin ciki. An gano cewa man ganyen na ɗauke da karbakrol da timol, sinadarai biyu masu kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Wannan bai isa hujjar cewa yana warkar da marar lafiya ba.

Abin da ya shafi aikinmu shi ne sunan. Larabawa na kiran tsirrai da yawa za'atar, har da wanda Faransawa suka keɓe da sunan thym, kuma garin da aka haɗa ma sunansa ke nan. A Meziko ana kiran Lippia graveolens da sunan origan, alhali dangin ma ba ɗaya ba. Wato suna na bin ƙamshi da amfani, ba ya bin rabe-raben masana.

Saboda haka mai fassara littafin karatun manya zai iya ruɗuwa ya rubuta ɗoɗɗoya, tun da ita mai karatu ya sani. A batun miya ɓarnar kaɗan ce. A batun magani kuwa an tura mutum ga wani ganye dabam. A ganinmu gara a aro za'atar, kalmar da ke zama daidai a bakin Bahaushe, a biyo ta da gajeren bayani cewa tsiron baƙo ne, sa'an nan a sa sunan Latin na irin da ake nufi cikin ƙamus na malaman yaƙi da jahilci.