Ƙwannafi Mai Naci: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

A ci gaba da wayar da kan jama'a game da kiwon lafiya, wannan karon mun duba matsalar ƙwannafi, wadda mutane da dama ke kira olsa alhali ba ita ba ce. Olsa gyambo ne a jikin tumbi ko farkon hanji. Ƙwannafi kuwa yana faruwa ne idan ruwan tsamin da ke narka abinci ya taso daga tumbi zuwa bututun da abinci ke bi. A ƙarshen wannan bututu akwai wani zoben tsoka da ke rufewa bayan abinci ya wuce. Idan zoben ya yi sako-sako, sai ruwan ya hauro, mutum ya ji zafi a ƙirji da tsami a maƙogwaro. Wanda hakan ke damunsa sau biyu ko fiye a mako, ya kamata ya ga likita.

Abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da ƙiba, juna biyu, shan taba, abinci mai maiƙo da yaji, kofi, goro da lemon kwalba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, su ma suna ƙara tsananta shi.

Babban gyara yana hannun mai fama da matsalar. A rage yawan abincin da ake ci a zama ɗaya, kuma a bar tazarar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. A ɗaga gado ta wajen kai da kimanin santimita 15 zuwa 20; tara matasai ba ya wadatarwa, domin wuya kawai yake lanƙwasawa. Kwanciya ta gefen hagu tana rage tasowar ruwan. Muna jan hankalin jama'a musamman a watan azumi, lokacin da ake cika ciki da ƙosai da soye-soye wajen buɗa baki, sannan a koma barci da zarar an gama sahur. Ba ma goyon bayan al'adar jiƙa kanwa a sha. Tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishirin da ke cikinta illa ne ga masu hawan jini.

A asibiti akan ba da maganin da ke kashe kaifin ruwan tsamin, ko kuma omeprazole wanda ke rage yawansa. Ana shan omeprazole kimanin minti 30 kafin karin kumallo, galibi na tsawon mako 4 zuwa 8. Shi kuwa ranitidine, wanda aka daɗe ana amfani da shi, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da umarnin janye shi daga kasuwa a shekarar 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa.

Ƙwannafin da aka yi wa sakaci na shekaru yana iya ƙona bututun abinci ya ƙuntata shi, a wasu mutane ƙalilan ma ya kai ga ciwon daji. Don haka duk wanda ya ga abinci na tsaya masa wajen haɗiya, ko yana rama ba dalili, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, to ya garzaya asibiti, inda za a iya duba cikinsa da na'urar da ake zurawa ta baki. Zafin ƙirjin da ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da sarƙewar numfashi kuwa yana iya zama ciwon zuciya, kuma a kai mai shi sashen gaggawa nan take.