Cutar Tantanin Gani da Magungunanta: Matsalar Kalmar "Yana"

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da sunayen cututtukan ido da dama, kamar yana da hakiya da dundumi. Sai dai yawancinsu sun shafi gaban ido, inda ake iya ganin cutar a fili. Wannan maƙala za ta bayyana cututtukan bayan ido da magungunansu, tare da nuna yadda kiran kowane dusashewar gani "yana" ke jawo makanta a garuruwa irin su Gauraka ta kusa da Suleja.

2.0 Tantanin Gani da Cututtukansa

A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira retina. A nan za a kira shi tantanin gani. A tsakiyarsa akwai wuri mai faɗin kimanin milimita 5, wato makula, ko cibiyar gani, wadda da ita ake karatu da gane fuskoki. Tsufa yakan lalata cibiyar ta hanya biyu. Akwai busasshen nau'i, wanda ya fi yawa, yana kuma tafiya a hankali. Akwai kuma jiƙaƙƙe, inda sababbin jijiyoyin jini ke tsirowa suna yoyo, har gani ya lalace cikin makonni. Alamarsa ita ce miƙaƙƙen layi ya karkace, ko tsakiyar abin da ake kallo ya yi duhu. Ciwon suga da sikila su ma suna ɓata jijiyoyin tantanin.

3.0 Hanyoyin Magani

Jiƙaƙƙen nau'i ana yi masa allura a cikin ƙwayar ido, bayan an kashe zafi, domin a hana jijiyoyin tsirowa. Amurka ta amince da Lucentis a 2006, da Eylea a 2011, da Vabysmo a 2022. Wani babban bincike na 2011 ya nuna cewa Avastin, maganin dajin da ya fi su araha ƙwarai, yana aiki daidai da Lucentis. Akan fara da allura wata-wata, sannan a riƙa tsawaita tazarar. Busasshen nau'i ba a warkar da shi, amma binciken 2001 ya nuna haɗin bitamin da zinki yana rage haɗarin tsanantarsa da kimanin kashi 25 cikin ɗari ga waɗanda cutarsu ta kai matsakaicin mataki. A 2023 aka amince da allurar Syfovre, mai rage saurinsa kawai. Ɓarnar suga da ta sikila kuwa akan ƙona ta da hasken lesa, ko a yi tiyata idan tantanin ya ɓamɓaru.

4.0 Haɗarin Suna Ɗaya

Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta haddasa kashi 43 na makantar. Ke nan ba mamaki sunan ya mamaye sauran. Amma yana tana cikin madubin ido ne, kuma gani yakan dawo bayan tiyata ko da an jinkirta. Dattijon da ya ɗauki cutar cibiyar gani a matsayin yana zai zauna jiran ta "nuna", alhali tabon da ke fitowa ba ya gogewa. Ga shi kuwa daga Gauraka hanya ta miƙe zuwa Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ma ya fi kusa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa maganin tantanin gani ya dogara ga zuwa asibiti da wuri. Saboda haka wajibi ne masana harshe da likitocin ido su daidaita suna guda da za a riƙa amfani da shi a rediyo da asibitoci, domin majinyaci ya bambance cutar da ke jira da wadda ba ta jira.