Yadda Ake Daidaita Manhaja da Mai Aiki da Ita: Misali Daga Asibitocin Tarauni

A ƙarshen kowane wata, ma'aikacin da ke kula da rajista a ƙaramin asibitin unguwa yakan zauna ya tattara lissafin abin da ya gudana: yara nawa aka yi wa allurar rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa aka gwada aka samu da zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan alƙaluma su ne ake dubawa wajen raba magani da gidan sauro. Hanyar da suke bi daga Hotoro ko Gyaɗi-Gyaɗi har su isa Abuja ita ce wata manhajar kwamfuta mai suna DHIS2, wadda dubban ma'aikata ke shiga ta intanet, kowa ya zuba nasa lissafin a rumbu ɗaya.

Asalin wannan manhaja daga Afirka ta Kudu ne, a tsakiyar shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, inda masana na ƙasar suka haɗa gwiwa da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway. An fara aiki da sabon zubinta a jihar Kerala ta Indiya a 2006, kuma a 2013 Nijeriya ta amince da ita a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Kyauta ake ba da ita, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta.

To amma manhajar tana zuwa ne fanko, kamar ƙyallen da ba a yanka ba. Ba ta san Kano ba, ba ta san menene mazaɓa ba. Aikin masu tsara manhaja na cikin gida ne su ɗinka ta daidai da jikin wurin, kuma a nan ne nasara ko rashinta take.

Abu na farko shi ne shimfiɗa matakan mulki: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sannan asibiti. Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44. A takarda abin yana da sauƙi, amma Hotoro ta isa ta nuna inda gizo ke saƙar. A bakin jama'a Hotoro unguwa ɗaya ce. A tsarin mulki kuwa, Hotoro ta Arewa da Hotoro ta Kudu suna cikin ƙaramar hukumar Nasarawa, ita kuma mazaɓar Hotoro ta wajen defon mai tana cikin Tarauni. Idan mai tsarawa ya rataya wani asibiti a ƙarƙashin Hotoron da ba tasa ba, duk yaran da aka yi wa rigakafi a can za a ƙirga wa wata ƙaramar hukumar, ita kuma mai asibitin ta bayyana kamar ba ta aiki.

Sai kuma matsalar rubutun suna. Wani zai rubuta Gyaɗi-Gyaɗi da ɗ mai lanƙwasa, wani ya rubuta Gyadi-Gyadi, wani ma ya bar karan tsakiya. Mutum ya san duk wuri ɗaya ake nufi, ita kuwa kwamfuta wurare uku take gani, domin a wurinta kowane harafi lamba ce dabam. Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin irin wannan ruɗani. Itacen da ake kira darbejiya a Kano shi ne dogonyaro a wani wurin, maina a wani, shi ya sa tun bayan littafin da Linnaeus ya wallafa a 1753 aka ɗauki tsarin bai wa kowane tsiro suna guda mai kalma biyu, wanda duniya duka ta yarda da shi. Ita ma DHIS2 haka take yi: kowane asibiti da kowace mazaɓa ana ba su wata shaida ta haruffa da lambobi 11 wadda ba ta canzawa. Sunan da mai aiki ke gani a allo ana iya gyara shi ko a fassara shi, amma shaidar tana nan daram a ƙarƙashi.

Bayan haka ana duba wanda zai zauna gaban allon. Ma'aikaciyar asibitin unguwa ba ta da buƙatar ganin lissafin jihohi 36. Abin da take so shi ne fom ɗin asibitinta, kuma a jere yadda yake a takardar da ta saba cikawa, don kada idonta ya riƙa tsalle tsakanin layuka. Jami'in ƙaramar hukuma kuwa yana son jadawali da taswirar da za su nuna masa wace mazaɓa ce ta koma baya. Ana kuma dasa ƙa'idojin tantancewa, misali cewa waɗanda aka samu da zazzaɓin cizon sauro ba za su fi waɗanda aka gwada yawa ba. Idan hannu ya kuskure ya rubuta 310 a maimakon 31, manhajar za ta yi gargaɗi kafin lissafin ya wuce gaba. Wannan na da muhimmanci ƙwarai a watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa, asibitoci suka cika, ma'aikata kuma suka gaji. Saboda matsalar wuta da sabis, akwai kuma zubin manhajar na wayar hannu, wanda ke adana bayani har sai an samu intanet.

Su kansu masu tsarawa akwai tarkon da ke jiransu. Mai gaggawa yakan so ya shiga cikin ainihin rubutun manhajar ya canza abin da bai yi masa ba. Ranar da aka fito da sabon zubi daga Oslo, gyaran nasa sai ya rushe, ko kuma ya maƙale da tsohon zubi. Hanyar da ta fi ita ce a bar gangar jikin yadda take, a gina ƙananan manhajoji a gefe masu magana da ita ta ƙofar da aka tanada don haka. Masu aikin lambu sun san wannan dabara, domin haka ake ɗaura reshen mangwaro mai daɗi a kan saiwar mai ƙarfi.

Akwai dai abin da gyaran allo ba ya magancewa. Don a san kashi nawa cikin ɗari na yara aka yi wa rigakafi, sai an san yawan yaran da ke mazaɓar, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006. Daga ita ake yin ƙiyasi kowace shekara. Unguwanni irin su Hotoro sun bunƙasa matuƙa tun daga lokacin, ga shi kuma uwa daga Nasarawa na iya kai ɗanta asibitin Tarauni don shi ya fi kusa da gidanta. Shi ya sa a wasu lokuta allon kan nuna cewa wata mazaɓa ta yi wa fiye da kashi 100 na yaranta rigakafi, alhali a lungunanta akwai yaran da allura ba ta taɓa kaiwa gare su ba.