Tarin da ba na sanyi ba

Ya kai mai karatu, ka san kaluluwa. In ka ji ciwo a ƙafa, sai ta fito maka a matsematsi, in ciwon ya warke ta baje. To, akwai wadda ba ta bajewa. Takan fito a wuya ko a hammata, ba zafi, sai girma. Mutum ya rame, ya riƙa zufa da dare. Wani lokaci wannan sankarar kaluluwa ce, wadda likitoci ke ce ma lamfom.

Cutar tana da magani. Akwai irinta da ake kira Hojkin, kuma yawancin waɗanda suka zo asibiti da wuri suna warkewa. A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara, inda aka fara gashin ƙari da na'ura a shekarar 2021.

Mai Hojkin, sau da yawa magani 4 ake haɗa mashi, a sa mashi ta jijiya kowane mako 2. Ɗaya daga ciki sunansa biliyomisin. A Japan aka gano shi cikin shekarun 1960. Yana kashe sankara, amma yana iya taɓa huhu.

Ƙaƙa haka? Gaɓoɓin jiki da yawa suna da sinadarin da ke narkar da wannan magani, amma na huhu kaɗan ne. Huhu mai lafiya laushi gare shi kamar soso. In maganin ya taɓa shi, sai ya kumbura, daga baya ya yi tabo, ya taurare. Nan ne iska ke wuyar shiga jini. Cikin mutum 10 masu karɓar maganin, abin yakan samu kamar mutum 1. Ya fi samun masu shekaru, da masu shan taba, da waɗanda aka yi ma gashi a ƙirji, da masu ciwon ƙoda, don ƙoda ce ke fid da maganin ta fitsari.

Ga alamomin: busasshen tari marar majina, haki bayan ƴar tafiya, wani lokaci da zazzaɓi. A hunturu kowa tari yake yi, shi ya sa ake cewa ƙura ce ko sanyi. Wani ma ya ɗauka tarin fuka ne. Kada ka yanke hukunci da kanka, kada ka sayi maganin tari a kasuwa. Ka koma wajen likita tun ranar, ko da lokacin allurarka bai yi ba. Zai saurari ƙirji, ya ɗauki hoto. In huhun ne, sai ya cire biliyomisin, ya ba da maganin kumburi, a ci gaba da sauran 3. In an tare abin da wuri, yawanci huhu yana murmurewa. In an yi jinkiri, tabon ba ya gogewa, har yana iya kisa.

Kada tsoro ya sa ka guje ma magani, don sankarar da aka bari ta fi haɗari. Ka bar taba. In za a yi maka aikin tiyata, ko bayan shekaru ne, ka faɗa ma likita ka taɓa karɓar biliyomisin, don iskar oksijan mai yawa tana iya tada ciwon.

Tambayoyi
1. Wane irin tari ne za a kai ma likita?
2. Su wa abin ya fi samu?